Yadda Holan ta auna tsayin ganuwarta da lissafi

A daren 31 ga Janairun 1953, guguwa ta ingizo teku ya fasa ganuwoyin tare ruwa a kudu maso yammacin Holan, mutum 1,836 suka rasu. Kafin nan, al'adar injiniyoyi ita ce su duba inda ruwa ya taɓa kaiwa mafi nisa, su ɗan ƙara tsayi a kai. Matsalar ita ce teku ba ya tsayawa inda ya tsaya jiya.

Gwamnati ta kafa kwamitin Delta, masanin lissafi David van Dantzig kuma ya sauya tambayar. Kowace mita da aka ƙara wa ganuwa tana cin kuɗi, amma tana rage yiwuwar ambaliya. Sai a ninka wannan yiwuwar da yawan dukiyar da za ta salwanta idan ruwa ya shigo, a haɗa da kuɗin gini, a nemi tsayin da jimlar ta fi ƙanƙanta. Yiwuwar kanta an ciro ta ne daga rajistar hawan ruwa ta shekaru da dama.

Yankin da ya ƙunshi Amsterdam da Rotterdam an sa masa a wancan lokacin ma'aunin ganuwar da za ta jure ruwan da yiwuwar zuwansa ɗaya ce cikin 10,000 a shekara, Zeeland mai ƙarancin jama'a kuma ɗaya cikin 4,000. Kada a ɗauka sai bayan shekara 10,000 irin wannan ruwa zai zo. Yana iya zuwa baɗi. Cikin shekara 100, yiwuwarsa ta kai kusan kashi 1 cikin 100, wanda a ganina ba abin rainawa ba ne ga mai gida a ƙasa da matakin teku.