Sayen Mota Ba Shi Ne Wuya Ba

Akawu ko malamin makaranta da ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi mota, muna ba shi shawara ya dubi girman injinta kafin ya dubi fentinta. Kuɗin lasin na shekara bisa girman inji ake yanka shi, amma wannan ƙaramin abu ne. Inshorar dole ma, wadda aka ɗaga daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, ɗaya ce ga ƙarama da babba. Fetur shi ke cinye albashi, tun da aka janye tallafinsa ran 29 ga Mayu, 2023.

Mutumin Yankara yana da ƙarin abin lura. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau kwalta ce, amma mai shiga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da damina sai da mota mai ɗan tashi daga ƙasa. Ya kuma tambayi makanikan Funtuwa wace iri suke da kayan gyaranta. Tsohuwar Golf ko Corolla in ta lalace da hantsi, sau da yawa kafin la'asar ta tashi. Wata mai ƙyalli kuwa sai ta share wata guda a gindin kuka, ana jiran kaya daga Ikko, kaji suna kwana a ƙarƙashinta.