Ko Kun Sani? Lauyan da Ya Yi Barci a Shari'ar Kisa

A shekarar 1984 wata kotu a birnin Houston na jihar Texas, Amurka, ta yanke wa Calvin Burdine hukuncin kisa, alhali lauyan da aka ba shi ya kare shi, Joe Frank Cannon, ya yi ta gyangyaɗi ana tsaka da sauraron shaidu. Daga baya akawun kotun da wasu daga cikin masu taya alƙali yanke hukunci suka ba da shaida cewa sun gan shi yana sharar barci, ba sau ɗaya ba.

Mai karatu zai zaci nan take za a soke hukuncin. Ina! A 2000, alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya suka ce hukuncin na nan daram, wai Burdine bai iya nuna cewa a muhimman wurare lauyan ya yi barcin ba. Hujja ce mai ban mamaki, domin rubutaccen bayanin shari'a ba ya nuna lokacin da mutum ya rufe ido. Sai a 2001 cikakken zaman kotun ya juya hukuncin alƙalan biyu, ya ce wanda lauyansa ke barci daidai yake da wanda ba shi da lauya. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar jihar a 2002. A 2003 Burdine ya amsa laifi, aka mayar da hukuncinsa ɗaurin rai da rai.