Faɗin Ƙasa Daga Gabas Zuwa Yamma

Jama'a manoma da makiyaya, a wannan wata za mu yi magana a kan faɗin ƙasa. Kowa ya san yadda ake auna gona. A bi ta da igiya ko da taki, a san tsawonta, a san faɗinta. Ƙasa ma haka ake auna ta. A nan in mun ce tsawo, daga kudu zuwa arewa muke nufi. In mun ce faɗi, daga gabas zuwa yamma ke nan.

Tsawon ƙasa ba baƙon abu ba ne ga makiyayi. Wanda ya kora garke daga Maraɗi zuwa Ingal wurin gishiri ya ga yadda ruwan sama yake raguwa, gonaki su ƙare, itatuwa su yi ƙaranci. Amma mai tafiya gabas ko yamma ba ya ganin haka sosai. Gero ake nomawa a Doso, gero ake nomawa a Gure. Abin da faɗin ƙasa yake sakewa shi ne lokacin fitowar rana da lokacin faɗuwarta. Wannan kuwa ya shafi salla, ya shafi azumi, ya shafi tafiya.

Faɗin Nijar

Ƙasarmu ta fara daga yamma, bayan Tera, a iyakar Burkina Faso da Mali. Ta ƙare can gabas da Bilma, cikin hamada, a iyakar Cadi. Tsakanin waɗannan gefuna biyu ya zarce kilomita 1,600.

Direbobi sun fi kowa sanin wannan nisa. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ake ce wa Hanyar Haɗin Kai, ita ce ta ratsa ƙasar. Daga Yamai zuwa Maraɗi wajen kilomita 660 ne. Zuwa Damagaram wajen 900. Zuwa Difa ya wuce 1,300. Zuwa Ngigmi, kusa da Tafkin Cadi, ya kusa 1,500. Da can Damagaram ce babban birni. A shekarar 1926 Turawan Faransa suka mai da shi Yamai, wato kusa da gefen yamma. Shi ya sa mutumin Difa in yana da buƙata a babban birni, doguwar tafiya ce gabansa.

Me ya sa gabas take riga ganin rana?

Duniya a dunƙule take, kuma juyawa take yi daga yamma zuwa gabas. Cikin awa 24 take gama juyi guda. Gefen da ya fuskanci rana shi ke da haske, ɗaya gefen yana cikin dare. Tun da juyin gabas ya nufa, mutanen gabas su ke fara shiga haske, su kuma ke fara shiga duhu.

Ku dubi kabewa. Tana da layuka da suka sauko daga wajen kara zuwa gindinta. Masana sun raba duniya haka nan, yanki 24, kowane yanki awa guda. A wajenmu faɗin yanki ɗaya kamar kilomita 1,600 ne. Ke nan faɗin Nijar ya ɗan fi yanki guda. Rana takan fito a gefen gabas na ƙasarmu, sai bayan awa guda da ɗan wani abu ta fito a gefen yamma.

In an raba kilomita 1,600 gida 60, za a sami kamar 27. Ku riƙe wannan: kowace kilomita 27 da mutum ya matsa gabas, rana tana riga fito masa da minti guda, tana kuma riga faɗuwa da minti guda.

Manyan garuruwanmu na kudu kusan a jere suke, saboda haka lissafin yana da sauƙi. Ga yadda kowane gari yake riga Yamai ganin faɗuwar rana:

Dogon Dutsi, kamar minti 8.
Birnin Ƙwanni da Tawa, kamar minti 13.
Maraɗi, kamar minti 20.
Tasawa, kamar minti 24.
Damagaram, kamar minti 28.
Difa, kamar minti 42.
Ngigmi, kamar minti 44.

Ku lura, ba a yin wannan lissafi da kilomitar hanyar mota, domin hanya tana da kwana-kwana. Damagaram tana da nisan 900 a mota, amma matsawarta gabas daga Yamai kamar 750 ce kawai.

Agogo guda ga ƙasa duka

Da kowane gari zai bi ranarsa wajen saita agogo, da aiki ya rikice. Ba za a san lokacin tashin mota ba, ba za a san lokacin labaru a rediyo ba. Don haka ƙasashe suka shirya. A shekarar 1884 an yi taro a Washinton, babban birnin Amurka, aka zaɓi wani layi da ya bi ta Girinwic a Ingila, aka ce daga nan za a fara ƙirga. Layin nan ya sauko ta Aljeriya, ya bi ta Gawo a ƙasar Mali, ya ratsa Burkina Faso, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana.

Nijar tana gaba da agogon wannan layi da awa guda. Agogonmu ɗaya ne da na Najeriya, da Benin, da Cadi, da Aljeriya. Mali da Burkina Faso da Gana suna bayanmu da awa guda. Ɗan kasuwa da ya fita daga Tera ya shiga Dori sai ya mai da agogonsa baya da awa ɗaya, alhali bambancin ranar garuruwan nan biyu bai wuce minti 3 ba. Alhazai kuma sun sani, agogon Makka yana gabanmu da awa 2.

Agogon da muke bi ya fi dacewa da ranar gefen gabas. A Difa rana takan kai tsaka wajen ƙarfe 12 da minti 10. A Damagaram da Maraɗi sai wajen 12 da rabi. A Yamai sai ƙarfe 1 ya kusa. Wannan lokaci yakan ɗan matsa gaba ko baya, kamar kwata, bisa ga watannin shekara.

Ƙasashe masu faɗi da marasa faɗi

Akwai ƙasashen da agogo guda ba ya isarsu. Rasha ta fi kowace ƙasa faɗi. Tana da lokaci iri 11. Jirgin ƙasa daga Mosko zuwa Baladibostok, a bakin tekun gabas, yana cin fiye da kilomita 9,000, kusan mako guda ana tafiya. Lokacin da mutanen gefen yamma suke karin kumallo, na gefen gabas sun tashi daga aiki, magariba ta gabato.

A Amurka, tsakanin birnin Niyok na gabas da Los Anjalas na yamma akwai awa 3. A nan Afirka, ƙasar Kwango mai babban birni Kinshasa tana da lokaci biyu. Agogon Lubumbashi yana gaba da na Kinshasa da awa guda.

Ƙasar Sin kuwa faɗinta ya isa lokaci biyar, amma tun 1949 agogo guda gwamnatinsu take bi, na Bejin. Can yamma akwai garin Kashgar, wanda yawancin mutanensa Musulmi ne. Da sanyi, sai wajen ƙarfe 10 na agogon gwamnati rana take fito masu. Saboda haka da yawansu suna riƙe da nasu lokaci, awa 2 baya da na Bejin.

Waɗansu ƙasashe kuma sirara ne kamar sanda. Togo tana da tsawon wajen kilomita 600, amma a bakin teku faɗinta bai kai 60 ba. Cile, a Amurka ta Kudu, tsawonta ya wuce kilomita 4,000, faɗinta kuwa a yawancin wurare bai kai 200 ba. A Togo kusan tare kowa yake ganin faɗuwar rana. Mu ba haka muke ba.

Amfanin sanin wannan

Na farko, watan azumi. Yanzu rediyo da waya sun kai ko'ina. Mutum yana Tawa sai ya ji kiran sallar magariba daga Damagaram. In ya sha ruwa nan take, ya riga ranarsa da kamar minti 15. Mutumin Yamai da ya bi Damagaram ya riga da kusan rabin awa. Da asuba kuma abin ya juya. Ɗan Damagaram da ya tsaya jiran sanarwar alfijir daga Yamai zai ci gaba da sahur, alhali alfijir ya keto masa tun minti 28 da suka wuce. Takardar lokutan salla ma haka take. Kafin ku manna ta a bango, ku karanta sunan garin da aka rubuta a kanta. In ba na wajenku ba ne, ku nuna wa liman.

Ƙauyukan da ke maƙwabtaka ba su da wannan damuwa. Kilomita 10 ko 20 ba su kai minti guda ba. Mai tafiya kudu ko arewa ma tsakar ranarsa ba ta sakewa: Maraɗi da Ingal kusan tare rana take kai masu tsaka.

Na biyu, tafiya. Wanda ya taso daga Yamai zuwa Damagaram, duhu zai riske shi da wuri, kusan rabin awa kafin lokacin da ya saba. Mai kai dabbobi ko hatsi kasuwar nesa ya sa wannan cikin lissafinsa.

Na uku, alkawari. In za ku yi alkawari da ɗan'uwa na nesa, ku faɗi ƙarfe nawa. "Bayan magariba" na mutumin Difa ba shi ne na mutumin Yamai ba. In ɗan'uwan yana Gana ko Makka, ku tuna da bambancin agogo.

Ku gwada da kanku

Gani ya kori ji. Ku kafa sanda miƙaƙƙiya a fili mai lebur. Daga ƙarfe 11 da rabi ku riƙa sa tsakuwa a bakin inuwarta kowane minti 10. Lokacin da inuwa ta fi gajarta, nan ne rana ta kai tsaka a garinku. Ku rubuta ƙarfe nawa ne. Wanda ke da ɗan'uwa a Difa ko a Yamai ya buga masa waya da magariba, ya tambaye shi ko rana ta faɗi a wajensu.

Ga kuma lissafi ga masu karatun yaƙi da jahilci. Wani gari yana gabas da naku da kilomita 270, miƙe. Rana ta faɗi a garinku ƙarfe 7 daidai. Ƙarfe nawa ta faɗi a can? Ku yi shi a allo, ku gwada amsa da ta abokan karatunku.

Allah shi kai mu wata mai zuwa lafiya.