Kafin a sauke bwat: abin da ya kamata mai mota ya sani idan giya ta fara gardama

A garejojin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, babu maganar da ke tayar wa mai mota hankali kamar a ce masa akwatin giya, wanda direbobi suka fi sani da bwat, ya mutu. Ga ɗan taksi ko matashin da yayansa ya aiko masa da kuɗin mota daga Aljeriya ko Turai, wannan magana tana iya nufin jarin gida ne ya tsaya cik.

Lamarin ya ƙara tsanani tun daga 2023, lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Benin. Motoci da kayan gyaran da a da ke shigowa ta Kwatano yanzu sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, wasu kuma daga Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi suna. Bwat ɗin da ake saye a madadin wanda ya lalace galibi tsoho ne da aka ciro daga wata motar, ba wanda ya san tafiyar da ya sha. Sai dai ba kowace gardamar giya ce ke bukatar saukewa ba.

A motar da ake sa wa giya da hannu, akwai gwajin da ba ya cin ko dala. A kashe inji, a gwada sa giya ɗaya bayan ɗaya. Idan suna shiga lafiya, amma da an tayar da inji sai su ƙi, ko su riƙa ƙara, to mafi yawa laifin kuloci ne, wato ambireyaj, wanda ba ya sakin inji gaba ɗaya. A motoci da yawa da man birki yake aiki, don haka yoyo ko iska a cikin bututu ya isa ya jawo haka. Idan kuma giya ɗaya tak ce ke ƙara, sau da yawa ta biyu ko ta uku, zoben da ke daidaita gudun haƙoranta ne ya cinye, kuma wannan sai an buɗe. Sandar giya da ta yi sakwa-sakwa kuwa, yawanci robobin wayarta ne suka mutu, gyara mai araha.

Motoci masu canja giya da kansu, irin su Camry, Corolla da RAV4 da ke zuwa daga Amurka, rayuwarsu a kan mai take. Shi ke tura giya, shi ke sanyaya ta. A Toyota mai sandar awo, ana duba shi ne mota tana tsaye a wuri mai daidai, inji ya yi zafi yana aiki, sanda tana kan P. Lafiyayyen mai ja ne garau. Idan ya koma baƙi yana warin ƙuna, faifan ciki sun fara cinyewa. Idan ya yi kama da madara mai ruwan hoda, ruwa ya shiga, ko dai daga lagireto da ya fashe ta ciki, ko daga ambaliyar damina da aka ratsa. Irin wannan mota bai kamata ta ƙara tafiya ba sai an duba ta.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar duk jan mai a matsayin abu guda. Tsoffin Toyota da yawa na shan T-IV, sababbi kuma WS. Yawancin Corolla ɗin Amurka daga 2014 zuwa sama suna da bwat samfurin CVT, mai aiki da bel na ƙarfe, kuma mansa daban ne. Zuba masa man da ba nasa ba na iya halaka shi. Littafin mota, wani lokacin ma sandar awon kanta, na ɗauke da sunan man da ya dace.

Akwai kuma motar da ke maƙalewa a giya ɗaya, galibi ta uku, fitilar inji na kunne. Sau da yawa kwamfutar motar ce ta kulle ta don kare bwat, saboda wata na'urar auna gudu, ko bawul na lantarki, ko wayar da ta tsinke. Duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da mahaɗar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Na'urar bincike na karanta lambar laifin cikin 'yan mintoci, kuma lambobin da suka fara da P07 na nuni ne ga ɓangaren giya. Makanikin da ya ce a sauke bwat tun bai sa na'ura ba, hasashe yake yi da aljihun wani.

Yanayin ƙasar ma na da nasa rabon. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ga tafiyar kusan kilomita 900 daga Yamai zuwa Damagaram da kaya fiye da kima. Zafi na saurin tsufar da mai, shi ya sa kamfanonin ƙera motoci ke rage tazarar juye ga motar da ke aiki cikin zafi da ƙura. Mai motar da ta kafe a rairayi yana ta jan sanda tsakanin D da R, dafa man yake yi. Haka nan jan mota mai canja giya da kanta da igiya zuwa nesa, inji a kashe, na cinye cikinta, domin famfon mai ba ya juyawa. Ɗora ta a kan babbar mota ya fi sauƙin asara.

Ga wanda ke ƙasar waje yana shirin aiko kuɗin gyara, tambayoyi uku sun isa ya yi ta waya kafin ya tura ko sefa ɗaya: wane launi man yake, wace lamba na'ura ta nuna, kuma idan dole sai an sayi wani bwat, kwana nawa mai sayarwa ya yarda a gwada shi a dawo masa da shi idan bai yi ba.