Dutse Mai Taga

A ƙasarmu ana haƙo duwatsu masu daraja. Akwai shuɗin yakutu a tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba, akwai zumurrudu a wajen Nasarawa Eggon. Sa'ad da aka tono dutse, ba ya walƙiya sosai. Sai an yanka shi, an goge, an yi masa ƙananan fuskoki masu santsi. Ana yin wannan sana'a ƙwarai a Bankok ta Tailan da Jaifur ta Indiya.

Yankakken dutse yana da sama da ƙugu da gindi. Samansa a shimfiɗe yake kamar faifai. Gindinsa kuwa mai tsini ne, kamar jinkar ɗaki da aka kife. Asirin walƙiya a gindin nan yake.

Dutse ba shi da haske na kansa, aro yake yi daga rana ko fitila. Haske ya shiga ta sama, ya bugi fuskar gindi ta wannan gefe, ya tsallaka ya bugi ta wancan gefe, sa'an nan ya komo sama zuwa idonmu. Watau fuskokin gindi suna aikin madubi, ko da yake ba a shafa musu kome ba. Mu gwada da ruwa. Mu cika tambulan, mu ɗaga shi, mu dubi saman ruwan daga ƙasa a karkace. Za mu ga ya zama kamar madubi.

Amma madubin nan ba ya samuwa sai gangaren gindi ya yi daidai. Ana auna gangare da digiri. Tabarma a shimfiɗe ba ta da digiri ko ɗaya. Bango a tsaye digiri 90 ne. Rabin tsakaninsu 45.

Kowane irin dutse da iyakarsa. Iyakar daimon wajen digiri 24 ce, ta yakutu wajen 35, ta zumurrudu wajen 39. In gangaren gindi ya kasa iyakar nan, haske ba ya komowa. Sai ya zarce ta ƙasa, kamar ruwa a ƙwarya mai huda. Tsakiyar dutsen ta yi fari fat, launi ya rage a gefe kaɗai, har ana hango abin da ke ƙarƙashi. Wannan shi ake kira taga.

In kuma gindi ya yi zurfi ainun, haske ya kan bugi gefe ɗaya lafiya, amma ya tsere ta gefe na biyu. Sai dutsen ya yi duhu. Saboda haka masu yanka su kan sa gangaren gindi kusa da digiri 40 zuwa 43. A shekarar 1919 wani mutumin Beljiyam, Marcel Tolkowsky, ya yi lissafin daimon mai kewaye, ya sami wajen digiri 41.

To, me ya sa ake samun duwatsu masu taga da yawa a kasuwa? Dalili shi ne nauyi. Da karat ake sayar da dutse, karat 5 kuwa giram 1 ne. Wajen yanka, sau da yawa fiye da rabin dutsen ya kan tafi a gari. In ɗanyen dutse falale ne, mai yanka ya kan bar shi da faɗi, ya taƙaita gindin, don ya yi girma a ido, nauyi kuma kada ya ragu. Mai saye ya biya kuɗin nauyi, ya tafi gida da dutse marar walƙiya. Don haka ne ma dillali ya fi son ɗanyen dutse mai kauri, ya kan karya farashin falale. Mai haƙa da ya san wannan ya san abin da ke hannunsa.

Ga yadda za mu gane taga. Mu wanke dutsen da sabulu, gama maiƙo yana kashe walƙiya. Mu riƙe shi bisa takarda mai rubutu, tsininsa a ƙasa, mu duba ta sama sosai, ba a karkace ba. In mun iya karanta baƙaƙe ta cikinsa, yana da taga, sai mu rage tayi. In ba mu ga kome ba sai launi da walƙiya, an yanka shi da kyau. Kun ga karatunmu ya yi rana har a kasuwa.

Tambayoyi

1. Daga ina dutse yake samun haske?
2. Mene ne taga?
3. Karat nawa ne giram 1?
4. Yaya za mu gwada dutse kafin mu biya?