Ladubban Ɗalibin Ilimin Ƙididdiga

Da kakar da ta wuce, bayan an sare dawa an fara ɗaurin dami, wani ɗan ƙanena da Allah Ya nufa da samun gurbi a jami'a ya zo gida Gafasa gaisuwa, ya iske ni a zaure bayan la'asar, ya miƙo mini wata takarda da malaminsu na ilimin ƙididdiga ya raba musu tun ranar farko, yana cewa, "Baffa, duba ka gani, ko bisimilla ba a yi ba an tare mu da dokoki." Na sa tabarau na bi ta layi-layi, kuma da na kai ƙarshenta ban ga wani sharaɗi ba wanda malamanmu na zaure ba su gindaya mana irinsa ba sa'ad da muke durƙushe gabansu da Ahalari da Ishmawi. Da yake yanzu 'ya'yanmu na ƙasar Gaya da Ajingi suna ta kwarara jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta fara karatu a 2001, da ta tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da ta Bayero a birnin Kano, kuma da wuya ɗalibin noma ko na likitanci ko na tattalin arziki ya fita bai ratsa ta wannan fanni ba, sai na ga ya kyautu in yi wa ɗalibai da iyayensu tambihi a kan waɗannan sharuɗɗa da hikimar da ke ƙarƙashinsu.

Ilimin ƙididdiga shi ne sanin yadda ake tattara adadi, a tsara shi, sa'an nan a fitar da hukunci daga cikinsa gwargwadon abin da hujja ta bayar. Ba baƙo ba ne gare mu yadda wasu ke zato. Ɗan kasuwar da ya soka ƙarfe mai rami cikin buhun wake, ya zubo 'yan tsaba a tafin hannunsa, ya yanke wa buhu duka hukunci da abin da ya gani, to, ya yi aiki da babi mafi girma na wannan ilimi, wato ɗaukar samfuri, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Magabata ma sun yi hidima gare shi da abin da ya dangance shi: Alkindi, masanin nan na Bagadaza a ƙarni na 9, ya gano hanyar warware rubutun asiri ta ƙidaya yawan maimaituwar kowane harafi, kuma namu Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar talifi a kan hatimin lissafi da har yau masana ke ambatonsa.

Sharaɗi na farko a takardar shi ne halarta. Galibin jami'o'inmu ba sa barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci, ma'ana wanda ya tsallake fiye da rubu'in darussan zango ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa. Dalilin tsanantawar a wannan fanni a sarari yake, domin babobinsa a ɗaure suke da juna kamar yadda nahawu yake: wanda bai zauna ranar da aka yi bayanin matsakaici ba ba zai gane tazarar da ke tsakanin adadi da matsakaicinsa ba, wanda kuma bai gane wannan ba, in aka kai babin yiwuwa da na gwada da'awa, sai ya zama ɗan kallo a ajinsu. Aron littafin aboki a kwafe ba ya maye gurbin zama gaban malami, tun da alƙalami yana ɗaukar amsa amma ba ya ɗaukar yadda aka yi tuntuɓe aka gyara kafin a kai gare ta.

Na biyu shi ne rabon maki. Bisa al'ada ana ware 30 ko 40 cikin 100 ga gwaje-gwajen tsakiyar zango da jinga, ragowar kuwa ga babbar jarrabawa, kuma a mafi yawan wurare 40 ne ƙarancin makin tsira, 70 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya. Wanda ya faɗi sai ya maimaita kwas ɗin baɗi tare da ƙannensa, abin da ɗalibai ke kira kariyoba. Ashe ke nan wanda ya yi sakaci da jinga, yana jiran ya haɗiye littafi cikin dare uku na ƙarshe, ya shiga ɗakin jarrabawa da bashi a wuyansa. Kuma Hausawa sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jinga tana da wa'adi, wanda ya makara kuma ana rage masa ko a ƙi karɓa, sai fa mai uzuri na shari'a, kamar rashin lafiya da takardar asibiti, wanda ya sanar a kan kari. Ana kuma bukatar kowa ya mallaki kalkuleta tasa ya saba da ita, saboda wayar hannu haramun ce a ɗakin jarrabawa ko da a kashe take.

Na uku, wanda ya fi wahalar da yaranmu da suka saba da hadda, shi ne malamin yana neman a nuna hanyar da aka bi da ma'anar abin da aka samu. Ga misali daga gonakinmu. A ce manoma biyar sun ɗaure dami 20, da 25, da 30, da 35, na biyar kuwa, mai garma da taki, ya ɗaure 390. In aka tara 500 ke nan, in aka raba biyar matsakaici ya zama 100. Lissafi ya yi daidai, amma duk wanda ya tafi birni ya ce manomin garin nan yana samun dami ɗari a shekara ya zalunci mutum huɗu, domin babu ko ɗaya cikinsu da ya kai 40. Adadin da ya faɗi gaskiyar halinsu shi ne na tsakiya, wato 30. Ɗalibin da ya haddace ƙa'ida kawai zai rubuta 100 ya ja layi yana murna; wanda ya fahimta kuwa zai tsaya ya tambayi kansa wanne ne daga ma'aunan biyu ya dace da wannan mas'ala, kuma wannan tsayawar ita ce malamin ke ba wa maki.

Na huɗu, kuma shi ne jigon sauran, amana. Satar amsa kowa ya san hukuncinta, daga soke jarrabawa har kora, kuma tun 1999 akwai dokar ƙasa da ta tanadi tara da ɗauri a kan maguɗin jarrabawa. Amma akwai wata ha'inci da ta keɓanta da wannan fanni, wadda ta fi waccan muni da ɓoyuwa: a aiki ɗalibi da takardun tambayoyi hamsin ya zaga gidaje, rana ta buge shi, sai ya sami inuwar darbejiya ya cike su duka da hannunsa, yana sauya alƙalami don kada a gane. Wannan shaidar zur ce, ko da ba a gaban alƙali aka yi ta ba, domin adadi shaida ne, da shi ake yanke inda za a haƙa rijiya, da yawan allurar rigakafin da za a aiko, da azuzuwan da za a gina. Ƙasarmu ta ɗanɗana kuɗar adadin da aka rasa amincewa da shi: ƙidayar 1962 sai da aka soke ta aka sake a 1963, ta 1973 kuwa gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi watsi da ita a 1975. Malaman hadisi ba su karɓi riwaya ba sai sun binciki wanda ya ji daga wanda, da adalcinsa da kiyayewarsa, haka nan mai ƙididdiga ba ya karɓar adadi sai ya san wa ya ƙirga, yaushe, ta wace hanya.

Shi ma ɗalibi yana da haƙƙi a kan malaminsa: a sanar da shi manhaja da ranakun gwaji tun farko, a nuna masa makinsa na tsakiyar zango kafin babbar jarrabawa, a ware masa sa'ar da zai zo da tambaya ba tare da tsangwama ba. Mu iyaye kuma namu shi ne mu daina aika wa yaro, namiji ko mace, ya baro makaranta tsakiyar zango saboda biki ko suna ko roron gyaɗa, sa'an nan in ya faɗi mu ce bai da himma.

Da yaron nan ya dawo hutu, sai na ce ya kimanta mini dawar da ke rumbu, in san ko ta kai nisabi a fitar da ushiri. Na shiga da kaina na zaɓo dami uku masu kauri, na ce a sussuke su a auna da kwano, a ninka da yawan sauran. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Baffa, a gafarce ni, waɗannan ai idonka ne ya zaɓe su, bari mu ba kowane dami lamba, mu yi ƙuri'a." Na mayar da ukun nan inda na ɗauko su, na aika a kawo masa takarda da alƙalami.