Ba Kowane Ƙi Ne Jahilci Ba

Na gaji da jin masana kiwon lafiya a rediyo suna cewa "ai jahilci ne" duk lokacin da jama'a suka guji wani magani. Kalmar tana da daɗin faɗa, don tana hutar da masani wahalar sauraro.

A tuna 2003, lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda jita-jitar wai an zuba masa maganin hana haihuwa. Ƙarya ce, kuma yara sun nakasa a dalilinta, cutar har ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. To amma wa ya fi ɗaga murya wajen adawa da rigakafin a lokacin? Dakta Datti Ahmad, likita ne cikakke. Ina jahilcin yake? Iyaye kuma ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a Kano, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya yarda da sulhun dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ga kuma tambayar da magidanta suka yi ta yi: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai mun saya? Tambayar mai hankali ce, kuma tana da amsa. Shan inna ba shi da magani in ya kama yaro, ƙwayarsa kuma a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, don haka ana iya kawar da ita kamar yadda aka yi wa agana. Masana nawa ne suka zauna suka faɗi haka da Hausa?

Malam masani, ka ajiye Turancin nan. Ka fara tambayar mutum abin da yake tsoro kafin ka buɗe masa littafi. In ɗigon zai iya sa ɗan zazzaɓi, ka faɗa tun da wuri, kada uwa ta gano da kanta da tsakar dare. Kada ka ce "babu illa ko kaɗan" in ba haka ba ne. Ka biyo ta wajen mai unguwa, liman da ungozoma, ka kuma bar su su tambaye ka son ransu. In ana zancen Trovan, kada ka kauda kai. Ka ce ya faru, sannan ka bayyana wa ke duba magani yanzu kafin a ba yaro.